Mdou Moctar

Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, mawaƙi ne kuma makaɗin jita, Ba'abzine ɗan Jamhuriyar Nijar. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a jihar Tawa. Yana rera waƙoƙinsa da harshen Tamashek, yana haɗa kiɗan jitar Abzinawa da salon rok. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗa jitarsa. A birnin Sakkwato ya ɗauki kundin waƙoƙinsa na farko, kuma ta sanadinsa ne sunansa ya fara fita waje.

Farkon rayuwa

Ya tashi a gidan da ke riƙo da addini, inda ba a son a ga yaro da kayan kiɗa. Sha'awar jita ta shige shi ne bayan ya kalli wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan kiɗan jitar Abzinawa a Nijar. Da yake ba shi da halin saye, sai ya haɗa tasa da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Da ita ya koya wa kansa kiɗa. Kamar yawancin samarin yankin, ya taɓa zuwa Libiya neman kuɗi, kafin ya dawo gida ya riƙa yin wasa a wuraren biki.

Sakkwato da kundin Anar

A shekarar 2008 ya tsallako Najeriya ya ɗauki kundin Anar a Sakkwato. Tsakanin Tawa da Sakkwato ba wata tafiya ba ce mai nisa, hanyar Birnin Ƙonni da Illela ce ta haɗa su, kuma a lokacin ɗakunan ɗaukar waƙa na arewacin Najeriya sun cika da aikin waƙoƙin finafinan Hausa. Salon waɗannan ɗakuna ya fito ƙarara a kundin: ganga ta na'ura ce, muryar kuma an bi da ita ta Auto-Tune har ta yi siriri kamar ta waƙoƙin fim. Duk wanda ya saba da faifan Kano na wancan zamani zai gane kiɗan nan take, sai dai harshen ne ba zai ji ba. Yana cikin na farko da suka gwada wannan haɗi a waƙar Abzinawa.

Babu kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Waƙoƙin sun bazu ne daga waya zuwa waya, ta bulutut da katin memori, har suka kai Mali, galibi ba tare da cikakken sunan mai su ba. A can ne wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ci karo da waƙar "Tahoultine", ya saka ta cikin kundin Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds. Sai daga baya ya gano mai waƙar, ya zo Nijar ya same shi. An buga Anar a faifai a 2014, shekara shida bayan ɗaukarsa.

Shahara

Sahel Sounds ya fitar da Afelan a 2013, wanda aka ɗauka kai tsaye a Tchintabaraden. A 2015 ya fito a matsayin jarumin fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai da aka shirya a Agadas, wanda ya bi sawun Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince. Ma'anar sunan ita ce ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Sousoume Tamachek ya biyo baya a 2017.

Da kundin Ilana: The Creator na 2019, wanda aka ɗauka a Detroit, ya koma rok sosai, da jitar lantarki mai ƙara da cikakkiyar tawaga: Ahmoudou Madassane a jita ta biyu, Aboubacar Mazawadje a ganga, da Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bas. Na'urar gyara murya ta Sakkwato ta kau, yatsunsa suka karɓi aikin. Afrique Victime, da kamfanin Matador ya fitar a Mayun 2021, shi ne ya kai shi manyan dandalin Turai da Amurka.

Siyasa a waƙoƙinsa

Waƙoƙinsa na farko na soyayya ne. Na baya-bayan nan sun fi karkata ga halin da Nijar ke ciki, musamman yadda ake kwasar yuraniyom ɗin ƙasar alhali ƙauyuka da yawa ba su da lantarki. A kundin Funeral for Justice na 2024 ya soki Faransa da sunanta, ya kuma ja hankalin Abzinawa da kada su bari harshensu ya ɓace.

Lokacin da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yulin 2023, tawagar tana yawon wasa a Amurka. Rufe iyakoki ya hana 'yan Nijar ɗin komawa gida na wani lokaci, kuma a wannan zama ne suka sake ɗaukar waƙoƙin da jita marar lantarki. Aikin ya fito a 2025 da sunan Tears of Injustice.