Dariyar Samanja Ba Ta Ɓata Hausar Yara

A shekarar 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyonta a Kaduna. A wannan zamani Dutse gunduma ce cikin Lardin Kano, akwatin rediyo kuwa sai gidan Hakimi, ko na akawun En'e, ko na malamin makaranta. Tun daga sa'an nan mutanen Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu suka saba da taruwa a zaure su saurari Kaduna, ga labarai, ga kiɗa, ga wasan ban dariya.

Cikin wasannin nan ba wanda ya kai Samanja Mazan Fama shiga ran jama'a. Mai wasan, Usman Baba Pategi, tsohon soja ne, ya san zaman bariki ciki da waje. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya riƙa kwaikwayon Samanja, watau babban saje mai tsawa da cika baki, wanda ƙananan sojoji ke rawar jiki in sun ji muryarsa. An ji shi a rediyo, an kuma gan shi a talabijin. Allah ya yi masa rasuwa a 2023.

To, ga shi yanzu ɗalibanmu masu koyon aikin malanta sun gano tsofaffin wasanninsa a wayoyin hannu, suna ta ƙyaƙyata dariya. Waɗansu malamai kuwa suna ƙorafi, wai Hausar bariki ce, za ta lalata bakin yara. Lalle tsoronsu yana da dalili, gama Samanja yakan mai da mace namiji, ya cusa Turanci inda ba a neme shi ba.

Amma mu dai ga yadda muka ga al'amarin. Me ya sa yaron Dutse ke dariya in aka ce wa mace "ya zo"? Domin kunnensa ya riga ya san "ta zo" ne daidai. Wanda bai san ƙa'ida ba ba ya jin daɗin ganin an karya ta. Ashe dariyar nan shaida ce yaron ya iya nahawu tun ba a karanta masa ba.

Saboda haka shawararmu ga malamai ita ce, maimakon hani, a shigo da wasan aji. A sa yara su saurari kaɗan, sa'an nan a rubuta jimla biyar irin ta bariki a allo, kowa ya gyara a littafinsa, ya kuma faɗi dalili. Darasin da yara ke hamma a kansa sai ga shi sun yi ta ɗaga hannu.

Sharaɗi ɗaya ne kurum: malami ya gargaɗe su kada su yi wa baƙon da ke koyon Hausa ba'a. Shi kansa mai wasan mutumin Pategi ne, ƙasar Nufawa, ga shi kuwa ya yi wa harshen nan hidimar da Hausawa ba za su manta ba. Allah ya jiƙansa.