3.2 Bashin Ƙasa da Haƙƙin 'Yan Baya

A wannan sashe za a duba yadda bashin da gwamnati ta ci yakan koma wuyan yaran da ba a yi shawara da su ba. A shekarar 1978 Nijeriya ta ciwo bashin dala biliyan 1 daga bankunan ƙasashen waje, wasu basussukan kuma suka biyo baya. Da farashin man fetur ya faɗi a shekarun 1980, sai biya ya gagara, kuɗin ruwa ya yi ta taruwa. Zuwa 2005 ƙungiyar ƙasashe masu ba da bashi ta Paris Club tana bin Nijeriya kimanin dala biliyan 30. An yafe biliyan 18, sauran kuma aka gama biya a 2006.

Ke nan yaron da aka haifa a 1978 ya yi firamare a lokacin da ake tsuke bakin aljihun gwamnati saboda bashi, kuma shekarun karatun da suka wuce ba sa dawowa. Saboda haka, adalci shi ne a kashe bashi a kan abin da mai biyansa zai tarar, kamar makaranta da asibiti da ruwan sha.