Wutar da Ke Tayar da Injin Mota

Da sanyin asubahin hunturu, a kan titin da ke bi ta unguwar Kusugu a Daura, ba wuya ka tarar da direba ya ɗaga bonet, fasinjojinsa na Kano ko na Kwangwalam sun yi cirko-cirko. Tanki cike yake da mai, inji yana juyawa idan an murɗa makulli, amma mota ta ce ba da ita ba. Halin ya yi kama da na mutanen Daura a labarin Bayajidda: ga ruwa a rijiya, ɗiba ta gagara. Sau da yawa abin da ya rage wa wannan direba shi ne ɗan tartsatsin da bai kai ƙwayar gero ba.

Hanyar da wutar ke bi

Injin fetur ba ya aiki sai abu uku sun haɗu a cikin silinda: iska, mai da wuta. Fistin yana matse iska da mai, fulogi ya ƙyasta musu wuta, su fashe su tura fistin ƙasa. Injin dizal ba ya buƙatar wannan, domin zafin matsi kaɗai ke kunna mansa.

Wutar daga batir take farawa, kuma ƙarfinta bolt 12 ne kacal, wanda ba zai iya tsallake gibin bakin fulogi ba. Nan kwayil yake shigowa. A cikinsa akwai naɗin waya biyu a jikin ƙarfe guda: mai kauri da aka naɗa sau ɗaruruwa, da siririya da aka naɗa sau dubbai. Wutar batir tana bi ta mai kaurin ta tara maganaɗisu. Da zarar an yanke ta farat ɗaya, sai maganaɗisun ya rushe, ya haifar da bolt 20,000 ko fiye a siririyar. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Hausawa: ƙaramar wuta ce ke janyo babba.

Daga nan sai rabo. A injin mai silinda huɗu, yawanci layin kunnawa 1-3-4-2 ne, kuma dole kowane tartsatsi ya zo dab da fistin zai kai ƙololuwa. Wannan daidaiton shi makanikai ke kira taimin. Idan injin yana juyawa sau 3,000 a minti, tartsatsi 100 ake buƙata a kowace daƙiƙa.

Zamani uku a titi ɗaya

A 1902 kamfanin Robert Bosch na Jamus ya fito da na'urar maganaɗisu mai ba fulogi wuta mai ƙarfi. Sai Charles Kettering na Amurka ya tsara hanyar batir da kwayil, wadda ta shiga motocin Cadillac a 1910, ya kuma biyo da kik na lantarki a 1912, aka huta da tayar da inji da hannu.

Tsarin Kettering ne a cikin tsofaffin Peugeot 504, waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. A cikinsu distirbuta ce uwar gida: kwantak yana buɗewa yana rufewa don yanke wuta, kondansa yana hana bakinsa ƙonewa, rota yana juyawa yana miƙa wa kowace waya rabonta. Zamani na biyu ya jefar da kwantak, ya sa sansa a madadinsa, kamar a yawancin Golf 3 da ke jigila tsakanin Daura da Katsina. A na uku distirbutar ma ta tafi: kowane fulogi da kwayil ɗinsa a ka, ƙaramar kwamfutar da ake kira birenbos ce ke ba da umarni.

Gano inda cutar take

Gwanin rewaya yakan saurara kafin ya ɗauki sifana. Idan an murɗa makulli aka ji ƙas kawai, fitilu suka dushe, a duba batir da kawunansa, musamman farin gishirin da ke taruwa a kai, sannan kik. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan bolt 12.6. Idan kuwa inji yana juyawa bai kama ba, to ko mai ne ko wuta. A tsohuwar mota akan cire fulogi a jingina shi da jikin inji a yi kik: shuɗin tartsatsi lafiya ne, ja-ja mai rauni ko rashinsa yana nuni ga kwayil, waya ko distirbuta. Ba a riƙe shi da hannu, ba a kuma yi kusa da fetur. Sabuwar mota kuwa na'ura ake jona mata, ta faɗi silindar da ke mis.

Bakin fulogi ma yana ba da labari. Ruwan ƙasa lafiya ne. Baƙin hayaƙi busasshe yana nufin mai ya yi yawa. Jiƙewa da baƙin mai tana nufin inji ya fara cin mai. Fari fat alamar zafi ne. Yanayinmu ma yana da hannu: ƙurar hunturu kan toshe matatar iska ta baƙanta fulogi, damina kuma laima kan shiga murfin distirbuta wuta ta ɓata hanya.

Yadda ake canzawa

A bar inji ya huce, a cire wayar batir ta ɓangaren mai alamar ragi. A hure ƙurar da ke kewaye da fulogi don kada ta faɗa silinda. A canza su ɗaya bayan ɗaya, domin waya biyu suka sauya wuri mota za ta yi ta tari tana harbi ta salansa. A duba gibin bakin sabon, wanda yawanci yake tsakanin milimita 0.7 da 1.1 gwargwadon mota. A fara ɗaura shi da yatsu kafin a sa sifana, don kan inji na alminiyum ba ya jure ƙarfi. Mai cire distirbuta ya sa alama a mazauninta da inda rota ke kallo, in ba haka ba taimin ya tafi. Makullin zamani kuma yana ɗauke da ɗan guntun lantarki. Ko an yanka sabo, sai an gabatar da shi ga kwamfutar motar kafin ta yarda.

Kayan gyara, na Daura ne ko na kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu a gwada lamba da lamba, domin jabu ya yi yawa, araha kuma ba ta ado.

Babbar asara a gareji ita ce canji bisa zato: yau kwayil, gobe birenbos, ashe waya ce ta tsage. Mai jan ruwa idan guga ya fito wayam, igiya da guga yake fara dubawa kafin ya ce rijiya ta ƙafe. Haka wutar mota: a bi ta daki-daki daga batir zuwa bakin fulogi, inda ta tsaya nan ne wurin kashe kuɗi.