GUBAR ARSENIK A RUWAN SHA DA ILLARTA GA JIJIYOYIN JINI

Arsenik wani sinadari ne mai guba da ake samu a cikin wasu duwatsu na ƙarƙashin ƙasa. A wasu wurare yakan narke ya shiga ruwan rijiya ko na burtsatse. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Saboda haka ruwa yana iya zama garai-garai a ido, alhali kuwa da guba a cikinsa.

Yadda Yake Ɓata Jijiyoyi

Kowace jijiyar jini tana da wata siririyar fata a cikinta, wadda ke taimaka mata ta buɗe ko ta tsuke gwargwadon bukatar jiki. Idan mutum ya yi shekaru yana shan ruwa mai arsenik, gubar takan raunana wannan fata. Daga nan sai kitse ya riƙa taruwa a bangon jijiya, ta yi tauri, hanyar jini ta ƙuntata. Wannan yakan jawo hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Abin da Ya Faru a Taiwan

A ƙauyukan bakin teku na kudu maso yammacin tsibirin Taiwan, mutane sun daɗe suna shan ruwan rijiyoyi masu zurfi. A shekarun 1950 wata cuta ta yawaita a cikinsu, wadda aka sa wa suna cutar baƙar ƙafa. Takan fara da sanyin ƙafa da mutuwar yatsu, sannan ciwo mai tsanani. Idan jini ya daina isa, sai ƙafar ta yi baƙi ta ruɓe, har a yanke ta. Bincike ya nuna rijiyoyin cike suke da arsenik. Da aka kai wa ƙauyukan ruwan famfo, sai masu kamuwa suka ragu ƙwarai.

Haka kuma a Bangaladash, a shekarar 1993 aka gano gubar a cikin burtsatse, bayan miliyoyin mutane sun dogara da su. Aka bi ana gwadawa, ana shafa jan fenti ga masu guba, kore ga masu kyau.

Abin da Ya Kamata a Yi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada arsenik ya wuce mikrogiram 10 a kowace litar ruwa, wato kashi ɗaya cikin miliyan 100. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da arsenik. Ruwan ne ke ƙonewa, gubar ta zauna. Gwaji kaɗai ke bayyana ta. Don haka wajibi ne a kai ruwan kowace sabuwar rijiya ɗakin gwaji kafin jama'a su fara sha. Idan an sami gubar, a daina sha da girki da shi, a nemi wani ruwan. Wanda ya ga baƙaƙen tabo a jikinsa, ko kaurin fata a tafin hannu da na ƙafa, ya hanzarta zuwa asibiti. Rigakafi ya fi magani.