Malamin Jinya a Ƙasar Fadama

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a shekarar 1991 ake kukan ƙarancin ma'aikatan jinya, kuma ko da yake hukuma ta faɗaɗa makarantun koyon aikin, daga ta Birnin Kudu har zuwa ta Haɗejiya, ba kasafai ake tambayar irin malamin da ake danƙa wa ɗaliban ba, alhali kuwa a hannunsa al'amarin yake.

Sharaɗi na farko, a ganina, shi ne malamin ya san ƙasar da almajirinsa zai yi aiki a cikinta. Wanda ya karantar da babin tsargiya daga littafi kawai, bai faɗa wa ɗalibai cewa yaran Guri da Auyo da Kirikasamma suna wuni cikin ruwan fadama wajen su da aikin shinkafa ba, har wasu iyaye su ɗauki fitsarin jini alamar balaga, to, haƙiƙa bai sauke amana ba. Haka nan, wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san cewa idan ruwa ya ci hanya, amai da gudawa suka ɓarke, nas ɗin ƙauye ba shi da likitan da zai tambaya. Wajibi ne tun yana makaranta hannunsa ya saba da neman jijiyar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, ya kuma iya haɗa ruwan gishiri da sukari ba tare da duba takarda ba.

Wannan kuwa ba ya samuwa a gaban allo, sai a gefen gadon majinyaci. Tarihi ya nuna Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta yi jinyar Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, a cikin hemarta take aikinta, marasa lafiya suna gabanta. Nagartaccen malami yakan zaga ɗakunan Babban Asibitin Haɗejiya da ɗalibansa, ya yi su gani, su yi ya gani, in ɗaya ya yi kuskure ya ja shi gefe ya gyara masa, domin ɗalibin da aka kunyata a bainar jama'a, gobe ɓoye kuskurensa zai yi, ɓoyayyen kuskure kuwa a asibiti yana iya cin rai.

Akwai kuma ladabin tambaya. Matar da kunya ta hana ta ambaton ciwonta sai ta ce "jikina ne ba daɗi", kuma daga bakin malami ɗaliba take koyon yadda za ta sallami 'yan rakiya, ta sassauta murya, ta ce, "Inna, tun yaushe ya fara?"