TABARMAR SAUKAR JIRGIN SAMA

Kowa a Illela ya san yadda mota take kafewa cikin rairayi. Direbobin da ke bin hanyar Agadas zuwa Bilma suna tafiya da wani fallen ƙarfe mai huji-huji. In mota ta kafe, sai su tura shi ƙarƙashin taya, ta fita.

Wannan ƙarfe asalinsa na jirgin sama ne. Sojojin Amurka suka gwada shi a shekarar 1941, kusa da wani gari mai suna Marston. Kowane falle tsawonsa mita 3, nauyinsa wajen kilo 30. Ana sarƙa fallayen da juna, su zama babbar tabarma. Cikin ƴan kwanaki sai ga filin jirgi a tsakiyar daji.

Mene ne amfaninta? Jirgi yana da nauyi ƙwarai, kuma duk nauyin a kan tayoyinsa yake. In ƙasa ta yi laushi, taya za ta nutse, jirgi ya yi hatsari. Tabarma tana raba nauyin a wuri mai faɗi. Haka faɗin ƙafar raƙumi yake hana shi nutsewa cikin rairayi.

Amma ƙarfe yana tsatsa. Bayan shekarar 1960 aka yi wata ta alminiyam, irin ƙarfen tukunya. Ita ma fallenta babba ya kai kilo 65. Kai ta nesa aiki ne ja. Don haka masana suka shiga neman marar nauyi. Wasu sun haɗa zaren gilashi da roba mai tauri.

Ba a yarda da sabuwar tabarma sai an gwada ta. A garin Vicksburg na Amurka, ana shimfiɗa ta a kan ƙasa mai laushi. Ana sa wa wata babbar amalanke tayar jirgi, a labta mata kaya masu nauyi. Sai a yi ta bi da ita kan tabarmar, gaba da baya, sau ɗaruruwa. Daga nan a duba mahaɗin fallayen ko ya tsage, a auna zurfin da ƙasa ta lotsa.

Wannan ba zancen yaƙi kaɗai ba ne. Lokacin farin 1973, jiragen sama sun yi jigilar hatsi a ƙasashen Sahel. Jirgin da ya ɗauko abinci ko magani, in bai samu wurin sauka mai ƙwari ba, taimako ba ya isa ga mabukata.