Idan Baƙo Ya Zo Yauri, Me Za Mu Nuna Masa?

'Yan uwana ɗalibai, Hausawa sun ce baƙonka annabinka. To idan baƙo ya zo daga Ghana ko Ingila ya ce mu ba shi labarin ƙasarmu, kada mu tsaya muna sosa ƙeya.

Mu fara gaya masa cewa Masarautar Yauri tana kudancin Jihar Kebbi, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku: Yauri da Ngaski da Shanga. Kogin Kwara ya ratsa ta. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taru ya zama babban tafki, ya cinye tsibirai da ƙauyuka da yawa, aka sake wa mutanensu matsuguni.

Sannan mu nuna masa jama'armu. Akwai Hausawa da Fulani da Kambari da Dukawa da Shangawa da Lopawa, kowa da harshensa. Akwai kuma Gungawa, waɗanda sunansu ya fito daga gungu, wato tsibiri. Sun ƙware a kamun kifi da noman albasa.

Mu kai shi Birnin Yauri, tsohon mazaunin sarakuna. Mu shiga da shi kasuwar Yelwa ya ga banda kwando-kwando. Idan ya dace da Bikin Rigata, zai kalli tseren kwalekwale da gasar ninƙaya.

Amma kada ya hau jirgin da aka cika maƙil, kuma ya sa rigar kariya. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a 2021 ba. Muna so ya koma gida lafiya, ya ba da labarinmu.